Ilimi don Kowa: Tauraron ɗan Adam bai san inda ruwa yake gangara ba

Jamhuriyar Nijar ba ta da teku, amma duk wani tudu da ke cikinta daga fuskar teku ake lissafa tsayinsa. In an ce dutsen Idukal-n-Tages na Bagzan ya kai mita 2022, ma'anar ke nan. A da, ma'auna ƙasa kan bi hanya da ƙafa, da sanda mai lamba da madubin awo, suna kafa alamun siminti. Yanzu na'urar GPS ta shiga hannun kowa, har wasu ƴan kwangila na zaton aikin ya ƙare. Ba haka abin yake ba.

Taurarin GPS suna shawagi a nisan wajen kilomita 20.200 daga ƙasa. Tsayin da suke bayarwa daga wata siffa ta lissafi yake tashi, mai kama da ƙwallon da aka ɗan danne, wadda ake kira WGS84. Ruwa kuwa ba ruwansa da wannan siffa, ƙarfin jan ƙasa yake bi. Shi kuma ƙarfin nan ba ɗaya yake ko'ina ba, domin duwatsun cikin ƙasa sun bambanta a nauyi. Da teku za ta kwanta lif, a tsaga mata hanya ta ratsa ƙarƙashin Maradi da Damagaram, shimfiɗar da za ta yi ita masana ke kira jiyoyid. A kudancin Indiya tana ƙasa da siffar lissafin da mita 106, a wajen Niyu Gini kuma tana samanta da mita 85. Saboda haka sai an cire wannan tazara daga abin da GPS ta nuna kafin a sami tsayi na gaskiya.

Ana samun tazarar daga taswirori irin su EGM96 da EGM2008, da awon tauraron GOCE da Turai ta harba a 2009, ya yi aiki har 2013. Sai dai inda ba a yi awon jan ƙasa da yawa ba, kamar cikin hamada, taswirar takan yi kuskure. Nan ne lissafin ƙiyasi yake shigowa. Ma'auni yakan ɗora na'urarsa bisa tsoffin alamun da aka riga aka san tsayinsu, ya gwada abin da ya samu da abin da ke rubuce. Kowace alama tana ba da ɗan saɓani. Sai a nemi gyara guda wanda in an ninka kowane saɓanin da ya rage da kansa, aka tara, jimlar za ta fi ƙanƙanta. Bafaranshe Legendre ya wallafa wannan dabara a 1805, Bajamushe Gauss kuma a 1809. Alamar da ta yi nesa da ƴan uwanta, ana zargin ta motsa ne, a fitar da ita.

Ina ruwan ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati? A ce magudanar ruwa tana sauka da santimita 20 a kowace kilomita. Kuskuren rabin mita cikin kilomita 2 ya isa ya juya ta, ruwan damina ya koma cikin unguwa ko cikin kanti. Haka yake ga fadamun noman rani, da manyan ayyuka irin barajin Kandaji, inda tsayin ruwa ke faɗin garin da zai tashi da wanda zai zauna.

Don haka wanda zai sa hannu a takardar kwangila ya kamata ya tambaya: daga ina aka lissafa tsayin, wace taswirar jiyoyid aka bi, kuma alamu nawa aka gwada? Magadan gari kuma su tsare alamun nan daga masu tona da masu gini, domin in sun ɓace babu abin da za a gwada awon tauraro da shi. Rigakafi dai ya fi magani.