Tillaberi: ina muryar USN kan makarantun da aka rufe?

Ƙungiyar ƴan makaranta ta USN ta saba girgiza gwamnati a Nijar. Har gobe ana juyayin ɗalibai uku da aka kashe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990. Sai dai yajin karatunta ya fi karkata ga kuɗin alawus, alhali ɗaruruwan makarantu na rufe a jihar Tillaberi saboda ƴan bindiga.

Yaron da ya gudo zuwa Tera ko Wallam ba shi da wakili a ƙungiyar. Sau da yawa ko takardar haihuwa babu, kuma in babu ita, babu jarrabawar BEPC. Rassan USN na garuruwan nan ne suka fi kowa damar ƙidaya yaran, su kai sunayensu gaban mahukunta.