Izinin Gyaran Gida Amana Ce

Shari'a ta yarda hukuma ta sa ido kan gine-gine. Tun da can aikin muhtasibi ne hana katanga cin hanya ko cutar da maƙwabci. Amma magidancin da damina ta rusa wa ɗaki, ya nemi izinin gyara, aka karɓi kuɗinsa babu rasit, an zalunce shi. Aya ta 188 cikin Suratul Baƙara ta haramta irin wannan ci.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta hukunta a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Wanda ya nemi 'yanci, hisabi ya hau kansa: su liƙa farashin izini a fili, su yanka rasit, su sanya wa'adin amsa. Magidanta kuma su daina miƙa na goro.

Allah Ya sa mu dace.