Dodon da aka ƙera a gareji ya fi na kanti daraja

Da zarar Oktoba ta kama, unguwanni da yawa a Amurka sukan sauya kama. Ga makabartar ƙarya a ƙofar gida, ga ƙwarangwal yana leƙowa ta taga, ga fatalwa tana lilo a reshen bishiya, duk saboda daren 31 ga wata, daren Halloween, lokacin da yara ke ɓad da kama su bi gida-gida ana ba su alewa. Bikin ba namu ba ne. Tushensa yana Ailan da maƙwabtanta, kuma mutanen can ne suka tafi da shi Amurka a ƙarni na 19, musamman bayan yunwar da ta faro a 1845. Musulmi da Kiristoci da dama ba sa yin sa, kuma suna da hujjarsu. Amma ba sai mutum ya shiga biki ba kafin ya ga abin da ke faruwa a cikinsa, kuma abin da ke faruwa a nan shi ne kanti yana ƙwace aikin da a da magidanci ke yi da hannunsa don 'ya'yan maƙwabta. A ganina wannan asara ce, komai kyan kayan kantin.

Asalin al'adar gidan ban tsoro ma yana goyon bayan haka. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ɓarnar da samari ke yi a wannan dare ta wuce gona da iri, har wasu garuruwa suka fara tunanin hana bikin. Sai iyaye suka nemi wata dabara: a gyara ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, a kashe fitila, a rataya tsummoki, yara su bi daga wannan gida zuwa wancan suna tsorata suna dariya. Wato tun farko gidan ban tsoro hanya ce ta riƙe yaran unguwa da abin da ke hannu. Kasuwa daga baya ta shigo, bayan Disneyland ta buɗe nata katafaren gidan fatalwa a Kalifoniya a 1969.

Sai an matsa kusa ake ganin aikin da ke cikin abin. Dutsen kabarin da ka rantse ya shekara ɗari, soso ne mai tauri irin wanda ake sa wa bango don tare sanyi. An sassaƙa rubutu a jikinsa, an tsattsaga shi, an shafa fenti ruwan toka, sannan aka tsiyaya baƙin fenti mai ruwa-ruwa ya gangara kamar sawun damina. Dogon mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa bututun roba ne aka harhaɗa, aka naɗa masa ragar kaji, aka tsoma tsohon yadi a cikin kwaɓin farar ƙasar shafe bango da fenti aka yafa masa, da ya bushe ya sandare. Abin da ke motsa hannun ƙwarangwal sau da yawa injin share gilashin mota ne da aka ciro daga wajen 'yan gwangwan, saboda yana juyawa a hankali kuma yana da ƙarfi. Hayaƙin da ke bin ƙasa kuwa, an bi da shi ne ta cikin akwatin ƙanƙara ya yi sanyi ya yi nauyi. Wasu ma sukan kafa gilashi a karkace don hoton abu ya bayyana kamar yana shawagi, dabarar da John Henry Pepper ya shahara da ita a Landan tun 1862. Yaron da ya taya uwarsa ko ubansa wannan aiki ya taɓa kafinta, ya taɓa fenti, ya taɓa wayarin, ya kuma ga yadda ake gyara abu idan ya ƙi. Fim ɗin The American Scream na 2012 ya bi iyalai uku a garin Fairhaven da ke jihar Massachusetts, waɗanda ke shafe watanni suna wannan shiri don dare ɗaya, ba tare da karɓar kuɗin shiga ba. Wanda ya san tashe ba zai rasa gane daɗin da ke cikin haɗa kayan wasa da tsumma da kwali ba.

A ɗaya ɓangaren kuma ga kasuwa. Ƙungiyar dillalan Amurka ta ƙiyasta cewa za a kashe dala biliyan 12.2 a bikin 2023. A 2020 kamfanin Home Depot ya fitar da ƙwarangwal mai tsawon ƙafa 12 a kan dala 299, aka yi ta rububinsa har ya ƙare. Ba na ƙin abin don girmansa. Damuwata ita ce idan gida biyar a layi ɗaya suka kafa ƙwarangwal iri ɗaya, abin da yaro zai karanta a ƙofar kowane gida shi ne nawa aka kashe. Wanda aka ƙera a gareji kuwa, ko da ya karkace, yana nuna tunanin mai gidan da lokacin da ya sadaukar.

Masu suka za su ce aikin hannu yana da haɗari, kuma ba ƙarya suka yi ba. Soso da yadi suna kamawa da wuta nan take, wayar lantarki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ba abin wasa ba ce, saƙar gizon roba kuma tana kama tsuntsaye. Amma gobarar da ta sa aka tsaurara dokoki a wannan fanni ba a ƙofar gidan wani ta tashi ba. A wurin shaƙatawa na Six Flags Great Adventure da ke New Jersey ta tashi a watan Mayun 1984, ta kashe matasa takwas a gidan ban tsoron da ba shi da na'urar feshin ruwa. Darasin a bayyane yake: a bar kyandir a koma fitila mai batir, kada a rufe mutane a lungun da ba mafita, a ɗaure waya nesa da inda ƙafa ke bi. Babban haɗarin daren ma a titi yake. Wani bincike da mujallar JAMA Pediatrics ta fitar a 2018 ya gano cewa haɗarin mota ta kashe mai tafiya a ƙasa yana ƙaruwa da kashi 43 cikin ɗari a wannan yamma, kuma yara 'yan shekara huɗu zuwa takwas ne suka fi shiga ciki. Layin da magidanta ke zaune a waje, fitilu a kunne, idanu a kan hanya, ya fi layin da kowa ya kafa kayan kanti ya koma ciki ya rufe ƙofa.

Suka ta biyu ta fi nauyi: ba kowa ke da gareji, da kayan aiki, da sararin ƙarshen mako ba, kuma mai aiki biyu don ciyar da iyali ba za a zarge shi don ya sayo na roba ba. Na yarda. Sai dai aikin hannu ba dole ya zama babba ba. Tsohon zanin gado da igiya da kabewa guda sun isa, kuma sun fi arha. Akwai kuma masu wuce iyaka, su cika ƙofar gida da jini da sassan jiki har ƙaramin yaro ya ƙi wucewa. Waɗannan sun manta wanda ake yi dominsa, kuma maƙwabta suna da haƙƙin su yi musu magana. Maƙeran da suka san abin da suke yi sukan ware hanya mai haske ga ƙanana, su ajiye tsoron a can ciki don wanda ya zaɓi shiga.