Raddi Ga Masu Raba Gadon P-Square

P-Square suna ne na tagwayen mawaƙa, Peter da Paul Okoye, waɗanda aka haifa a Jos ranar 18 ga Nuwamba 1981. Sun rabu a 2017, suka shirya a Nuwamban 2021, suka sake ɓaɓewa a 2024. Tun rabuwar farko wani ra'ayi ya yi ƙarfi a bakin wasu masoyansu: wai Paul ne mawaƙin, Peter ɗan rawa ne kawai, wai kiɗan nasu na kwamfuta ne da aro, wai Legas ce ta yi su, Jos wurin haihuwa ce kurum. Duk waɗannan zantukan ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Batun farko shi ne mafi nauyi. Hujjar masu shi ita ce abin da ido ke gani a bidiyo: Peter na gaba yana juyi, Paul na riƙe da amshi. Sai dai bidiyo ba situdiyo ba ne. Daga Get Squared na 2005 zuwa Game Over na 2007, Danger na 2009, The Invasion na 2011 da Double Trouble na 2014, aikin yana fitowa ne daga kamfaninsu na gida, Square Records, wansu Jude kuma shi ne manaja kuma mai ba da umarnin yawancin bidiyoyin. Ƙofa ce a rufe, ba baƙon da ya zauna ya ƙirga wa ya kawo kari, wa ya ɗora baiti. Su kansu tagwayen sun saɓa. A 2024 Paul ya faɗa a wata hirar rediyo cewa shi ya rubuta galibin waƙoƙin, Peter kuma ya mayar da buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Agusta yana lissafa waɗanda ya ce nasa ne, har da Personally da Alingo. Inda masu abu biyu suka yi da'awa, ba shaida na uku, wanda ya yanke hukunci daga teburin mai shayi zato ya bi.

Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa bayan rabuwa Paul, da sunan Rudeboy, ya fi tashe, musamman da Reason With Me a 2019. Haka ne, kuma ba a ƙwace masa wannan. Amma tashen 2019 ba ya tabbatar da wanda ya tsara waƙar 2005. Kuma raina rawar ma kuskure ne, domin da ita aka fara sanin su. A makarantar St. Murumba ta Jos suka shiga ƙungiyar kiɗa da wasan kwaikwayo suna kwaikwayon Michael Jackson, daga baya suka kafa ƙungiyar rawa mai suna Smooth Criminals. Rawar ce ta cika musu filayen wasa har a ƙasashen da ba a jin Turancin buroka ko Ibo.

Game da kwamfuta, masu sukar sun ɗauka na'ura ce ke yin waƙa. Na'ura tana ajiye sauti ne, tana maimaitawa. Mutum ne ke zaɓen inda ganga za ta faɗi da inda murya za ta shiga. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna, ba wanda ya ce kuntigin ne mai basirar. Aro kuwa akwai shi, musu a nan ɓata baki ne: duk mai kunne ya ji kamar da ke tsakanin Danger da Without Me ta Eminem. Abin zargi shi ne ɗauka ba tare da ambaton mai abu ba, ba aron kansa ba. Daft Punk na Faransa, mutum biyun da suka ɓoye fuskokinsu cikin hular mutum-mutumi har suka rabu a Fabrairun 2021 ba tare da faɗin dalili ba, sun gina Harder, Better, Faster, Stronger a kan wata waƙar Edwin Birdsong ta 1979, suka sa sunansa cikin marubuta, ba a kuma cire su daga sahun gwanaye ba.

Saura batun Legas. Kasuwa tana can, kamfanoni suna can, ba gardama. Amma tagwayen sun isa can ne da sana'arsu a hannu: sun riga sun ci gasar Grab Da Mic a 2001, nasarar da ta kai ga kundinsu na farko, Last Nite, a 2003. Kuma ba su kaɗai garin ya raina ba. M.I Abaga, Jesse Jagz, Ice Prince da Jeremiah Gyang duk a Jos suka goge, tsakanin mawaƙan coci, wasannin makarantu da ƙananan situdiyo, a garin da haƙar kuza ta tara ƙabilu tun farkon ƙarni na 20.

Zancen cewa matan aure ne suka raba tagwayen bai cancanci dogon raddi ba. Saɓanin da ya fito fili, tun daga wasiƙar da Peter ya aika wa lauyansu a Satumban 2017 yana neman a warware yarjejeniyarsu, ya fi karkata ga tafiyar da kamfani, matsayin manaja da rabon kuɗi.