Daga Bakin Allo: Gidan Talabijin na Jama'a da Sharuɗɗan Lasisinsa

 

Kwanan baya muna zaune a ɗakin malamai lokacin tara, sai hira ta gangaro kan kuɗin lasisin talabijin. Wani dattijo daga cikin abokan aikinmu ya ajiye kofin shayinsa, ya dube mu ya ce, "Malam, ni fa ba ƙin biya nake yi ba, amma a gaya mini abin da na saya." Aka yi dariya aka watse, amma maganar ta bi mu har gida. Domin kuwa ko ɗan koli a kasuwar Kumasi ba ya karɓar kuɗinka sai ya nuna maka haja. To, mene ne hajar gidan talabijin na jama'a, wa kuma yake auna ta? Wannan ita ce maganarmu ta wannan wata, kuma za mu fara ta ne daga Ingila, inda aka daɗe ana wannan ciniki a rubuce.

Gidan BBC da kowane ɗan zango ya san muryarsa yana aiki ne bisa wata takardar izini da fadar sarautar Birtaniya take bayarwa. An ba da ta farko ranar 1 ga Janairu 1927, kuma tun daga lokacin ba a taɓa ba da ita ba tare da wa'adi ba. Galibi shekara 10 ake ɗiba, idan ta ƙare a sake zama a duba. Wadda ake aiki da ita yanzu ta fara ranar 1 ga Janairu 2017, za ta ƙare ranar 31 ga Disamba 2027. Da gangan aka mai da ita shekara 11, don kada lokacin sabuntawa ya riƙa cin karo da lokacin zaɓe, 'yan siyasa su mai da gidan abin yaƙin neman ƙuri'a. Kafin a ba da ita, gwamnati ta nemi ra'ayin jama'a a 2015, aka samu amsoshi fiye da 190,000. A watan Disamba na 2025 kuma aka sake buɗe irin wannan shawara domin takardar da za ta gaje ta.

Babban canjin da sabuntawar 2017 ta kawo shi ne mai sa ido. A da, wata majalisar amintattu ce ta cikin gida take duba aikin BBC, wato kamar a ce malami ya koyar, ya shirya jarrabawa, ya kuma ba kansa maki. Daga Afrilu 2017 aka miƙa aikin ga hukumar Ofcom, wadda take waje da gidan. Ita ce ta rubuta lasisin aiki, ta kuma zuba sharuɗɗan da ake iya ƙirgawa. A lasisin 2017 an ce aƙalla rabin shirye-shiryen manyan tashoshin talabijin a yi su a wajen birnin Landan. An ce kashi 8 cikin 100 na kuɗin shirye-shiryen a kashe shi a Scotland, kashi 5 a Wales, kashi 3 a Ireland ta Arewa. Tashar yara ta CBBC an ɗora mata awa 400 na sababbin shirye-shiryen gida a shekara, ta ƙananan yara kuma, CBeebies, awa 100. An yi wa lasisin gyara a 2023, amma tsarin yana nan: hukumar tana fitar da rahoto kowace shekara, tana kuma da ikon cin gidan tarar da ta kai fam 250,000.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Kowane gida a Birtaniya da ake kallon talabijin kai tsaye dole ya biya kuɗin lasisi, wanda a Afrilu 2025 ya kai fam 174.50 a shekara, abin da ake tarawa kuma ya haura fam biliyan 3 da rabi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Manomin Scotland yana biya daidai da attajirin Landan, saboda haka yana da haƙƙin ya ga garinsa a allon.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne labarin mutanen Wales. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshensu ba su kai 600,000 ba, a ƙasar da Ingilishi ya mamaye ko'ina. A 1979 gwamnati ta so ta janye alkawarin ba su tashar talabijin da harshensu. Suka tashi tsaye, har wani jagoransu mai suna Gwynfor Evans ya ce zai daina cin abinci sai an cika alkawari. Gwamnati ta sauko, aka buɗe tashar S4C a watan Nuwamba 1982. Bugu da ƙari, doka ta wajabta wa BBC ta riƙa ba tashar shirye-shirye na aƙalla awa 10 kowane mako da harshen Wales. Masu harshen Gaelic na Scotland, waɗanda ba su ma kai su yawa ba, sun samu tasu tashar, BBC Alba, a 2008. Abin da suka nema an rubuta shi da lamba, shi ya sa sauyin shugaban gida ba ya share shi.

Wani zai ce, ina ruwanmu da rigimar Turawa? Ruwanmu yana ciki dumu-dumu. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, mako guda bayan Ghana ta samu mulkin kai, kuma iyayenmu da yawa da shi suka san duniya. Tun Afrilu 2014 kuɗin lasisin nan ne yake ɗaukar babban nauyin sassan harsunan waje, gwamnati tana ƙarawa da tallafi. Da gwamnati ta daskare kuɗin a fam 159 har shekara 2 daga 2022, ga kuma tsadar kaya, sai gidan ya ba da sanarwar rage ma'aikata 382 a sassan waje. A watan Janairu 2023 rediyon sashen Larabci ya yi shiru, bayan shekara 85 yana magana. Na Hausa ya tsira a wannan karon. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shawarar da za ta taɓa muryar da muke saurara da asuba ana yanke ta ne a wata ƙasa, mu kuwa ba mu da ƙuri'a a can, ba ma kuma biyan kuɗinsu.

Inda muke da ƙuri'a, muke kuma biyan haraji, shi ne nan gida. Gidan GBC ya samo asali ne daga tashar ZOY da Gwamna Arnold Hodson ya buɗe a Accra ranar 31 ga Yuli 1935, talabijin kuma ta fara ranar 31 ga Yuli 1965. Shekaru da dama Hausa tana cikin harsunan gida 6 da gidan ya ɗauka, tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagbani. Wannan abin godiya ne, musamman idan muka tuna cewa Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta amince a koyar a makarantunta. Yaron zango yana koyon Twi ko Ga a aji, amma harshen da ake yi masa magana da shi a gida ba ya ganinsa a allo. Ke nan gidan rediyo da talabijin na ƙasa yana cikin 'yan wuraren da hukuma take magana da mu da bakinmu.

Tsarin mulkin 1992 ya yi ƙoƙari. Sashe na 163 ya wajabta wa kafofin watsa labarai na gwamnati su ba da dama ga ra'ayoyi mabambanta. Hukumar Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NMC, wadda aka kafa a 1993, ita ce take naɗa shugabannin gudanarwar waɗannan gidaje bayan shawara da shugaban ƙasa. A wannan shekarar ce kuma jam'iyyar NPP ta kai GBC Kotun Ƙoli, saboda an ba NDC fili ta yi bayanin kasafin kuɗi, ita an hana ta, kotu kuma ta ba ta gaskiya. Wannan shari'a ta nuna amfanin sharaɗi rubutacce: wanda aka danne yana da takardar da zai riƙe ya tafi gaban alƙali.

Sai dai dokar da ta tsara GBC ta 1968 ce, ta zamanin soja, ba ta kuma da wa'adi. Babu ranar da aka sa za a kira gidan gaban jama'a a ce, ga abin da ka yi alkawari, ga abin da ka cika. Daftarin sabuwar dokar watsa shirye-shirye ya daɗe ana maganarsa, har 2024 ta ƙare majalisa ba ta zartar da shi ba. A 2015 aka ɗaga kuɗin lasisin talabijin daga fesewa 30 zuwa sidi 36 a shekara ga mai akwati ɗaya, sidi 60 ga mai biyu ko fiye. A farkon 2018 aka ware kotuna na musamman domin waɗanda suka ƙi biya, jama'a suka yi ca, aka janye maganar gurfanar da mutane. A ganinmu, an kawo sanda ne kafin a kawo haja. Tambayar dattijon nan ce mutane suke yi, ba a kuwa amsa musu ba.

Saboda haka muna ganin duk ranar da za a sake zama kan dokar, ya kamata al'ummar zango ta isa wurin da buƙatunta a rubuce. Na farko, a sa wa izinin gidan wa'adi, a kuma saurari jama'a a Tamale, Kumasi, Wa da Accra kafin a sabunta. Na biyu, a rubuta yawan awannin da kowane ɗaya daga harsunan nan zai samu a mako, a kuma faɗi lokacin, domin shirin da aka sa bayan kowa ya yi barci daidai yake da babu. Na uku, a ware wani kaso domin yara, kamar yadda aka yi wa yaran Birtaniya. Na huɗu, a riƙa buga rahoto kowace shekara wanda malamin makaranta zai iya karantawa ya gane.

Ba za mu ɓoye muku haɗarin da yake ciki ba. Sharaɗin lasisi wuƙa ce, tana yanka nama, tana kuma yanka yatsa. A 2017 hukumar sadarwa ta NCA ta hukunta gidajen rediyo 131 kan rashin sabunta izini, a 2019 kuma aka rufe Radio Gold da Radio XYZ, 'yan adawa na lokacin suka ce siyasa ce, hukuma ta ce doka ce. Don haka sa idon ya kasance a hannun NMC, kada a ba minista, sharuɗɗan kuma su tsaya kan awanni, harsuna da kuɗi, kada su shiga abin da ɗan jarida zai faɗa. Haka nan sharaɗi ba kuɗi wahalar da ma'aikata ne kawai. Idan muna son a rubuta mana awanni, mu ma mu yarda mu biya abin da doka ta sa.

Akwai kuma namu aikin. Idan gobe aka ce an ba Hausa awa 5 a mako, su wa za su cika su? Matasanmu nawa ne za su iya rubuta labari da Hausar boko ba kuskure, ko su fassara bayanin likita ba su cusa Turanci a kowane layi ba? Muna roƙon sarakunan zango, limamai da malaman makarantun Islamiyya su fara tunanin ajin yamma na karatu da rubutun Hausa, ko da awa ɗaya ne a mako. Ƙungiyoyin matasa kuma su riƙa rubuta ranar da aka sa shirin Hausa da ranar da aka ɗage shi, domin ranar zama wanda ya zo da lissafi shi ake saurara.

Wanda yake da ra'ayi kan wannan batu ya aiko da wasiƙa ta hannun edita, za mu buga abin da fili ya ɗauka. Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya. Wassalam.