Bayan takardar likita, ina babba mai galahanga zai nufa?

Duk shekara ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 domin larurar galahanga, wato otizim a bakin likitoci, maganar yara ce ke cika gidajen rediyo: yaron da bai buɗe baki da wuri ba, yarinyar da ba ta wasa da sa'o'inta. Ba laifi. Sai dai yaran nan girma suke yi, kuma akwai waɗanda suka riga suka girma ba wanda ya taɓa duba su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da larurar. In haka ne, ko a garinmu Arikya akwai magidanta da matan aure masu ita, mu dai wasu sunaye muka laƙaba musu: miskili, mai girman kai, wanda aka yi wa sammu.

Ɗan kawuna yana cikinsu. Ya haura talatin kafin wani likitan ƙwaƙwalwa a birni ya zauna da shi da mahaifiyarsa, ya bi tarihinsa tun daga goyo, ya faɗi sunan abin. Yadda ya ɓuya duk tsawon shekarun nan ba wuyar ganewa. Ba ya kallon mutum cikin ido, mu kuwa ladabi muke kiran wannan. Ba ya son surutu, aka ce kunya. Abin da ya hana shi sakat shi ne gaisuwa. Kafin ka gama tambayar gida da aiki da gajiya ya amsa da "lafiya" guda ɗaya ya juya, dattawa suka ce raini ne. Ƙarar injin niƙa kan sa ya toshe kunnuwa, ranar biki kuwa da an kunna lasifika sai ya nufi gona. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an sayar da akuya ba ɗaya ba.

Da suka dawo da takardar, tambayar Inna, mahaifiyarsa, ɗaya ce: "To, wane magani aka rubuta masa?" Babu. Galahanga ba zazzaɓi ba ce, da ita ake haihuwar mutum, da ita yake tsufa. Abin da ake yi wa magani shi ne damuwa ko rashin barci da kan biyo ta. Daga nan kuma hanya ta ƙare. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. Makarantar masu buƙata ta musamman da Gwamna Umaru Tanko Al-Makura ya gina a Lafiya, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a 2018, aiki ne mai kyau, amma ta ɗalibai ce. Mai gemu ba zai koma aji ba.

Ra'ayina shi ne, tallafin da babba ke buƙata ya fi ƙarfin asibiti, kuma mafi yawansa a hannunmu yake. Na gani da idona. Wani mai sayen riɗi ya ɗauki ɗan kawun nan ya riƙe masa littafi. Shi ke tsaye kan sikeli, shi ke rubuta buhu nawa ya shigo, na wa, bashi nawa ya rage. Ba ya ƙara ko mudu, ba ya ragewa, ko da ƙanen mai gidan ne ya zo da kaya. Abin da mai gidan ya yi masa kaɗan ne: ya sa teburinsa can ƙuryar shago nesa da janareta, ya daina turo shi ciniki da dillalai, kuma in tsarin aiki zai canza gobe, tun yau yake faɗa masa. A gida ma aka daina tilasta masa zaman biki. Yakan zo ɗaurin aure, ya yi fatiha, ya tafi abinsa. Da wani ya yi ƙorafi, Kawu ya ce, "Ya zo, ko bai zo ba?" Magana ta mutu.

Wasu za su ce in dai haka ne, me ya kai mutum neman takarda? Amfaninta shi ne ta sauke zargi. Mawaƙiyar nan ta Birtaniya, Susan Boyle, ta haura hamsin kafin a gano nata, ta kuma bayyana cewa sanin ya kawo mata sauƙi. Shi ma ɗan uwana ya daina ɗaukar kansa lalatacce, Inna ta daina zargin kishiya.

Amma ba kowa ke dace da mai gida irin wannan ba, musamman mata, waɗanda ake aurarwa cikin gida mai yawa, a sake su a ce ba su iya zama da mutane ba. A nan ne hukuma ke da aiki. Dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati gare su. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Matsalar ita ce idonmu ya saba da nakasar da ake gani, ta sanda da keke. Mai galahanga in ya shiga layi, kallon mai son banza za a yi masa.

Don haka ina roƙon Gwamnatin Nasarawa ta ware rana ɗaya a wata a wani asibitin Lafiya domin duba manya, a kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye su san wa za su tura can. Limamai da fastoci su ma a kira su wurin horon, domin wurinsu ake fara kai irin waɗannan mutane kafin a tuna da likita.