Ba Kowace Core i7 Ce Ke Jan Gem Ba

Duk matashin da ya taɓa shiga shagon kwamfutoci na hannu, a Yelwa ne ko Kontagora ko can Kano, ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai shago zai buɗe laftof, ya nuna 'yar sitikar da ke manne a ƙasan kibod, ya ce Core i7 ce, RAM giga 8, babu gem ɗin da ba za ta ja ba. Da wannan magana ake karɓe kuɗin da yaro ya shafe watanni yana tarawa daga shagon POS, ko kabu-kabu, ko albasar rani. Bayan kwana biyu a saka eFootball, 'yan wasa su riƙa tafiya kamar masu ɗingishi. Kuma mai shago bai yi ƙarya ba, i7 ɗin ce. Ba a dai tambaye shi ta wace shekara ba ce.

Tun 2008 kamfanin Intel yake amfani da sunan Core i7, don haka sunan kaɗai ba ya faɗin komai. Lambar da ke biye da shi ita ce ke tona asiri. Furosesa tana da ƙwayoyi a cikinta, kowace ƙwaya kamar ma'aikaci guda ce. i7-7500U ta 2016 ƙwayoyi biyu gare ta. i5-8250U da ta fito a 2017 tana da huɗu, kuma a yawancin ayyuka tana barin waccan i7 ɗin a baya, duk da cewa a kasuwa sunan i7 yana sa a ɗora wa tsohuwar kuɗi. Harafin ƙarshe ma yana da magana. U na nufin an ƙera ta don tattalin batir, wajen wat 15 take ci, ta ofis ce. H kuwa tana kai wat 45, ita aka yi don aiki mai nauyi. Sannan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa, ban da 'yan tsiraru. Wanda ya sayi zubi na 6 ko na 7 yau ya sayi abin da aka riga aka juya wa baya.

Inda aka fi yin asara ba tare da an sani ba shi ne wajen RAM. Kowa yana tambayar giga nawa ne, da wuya a ji mai tambayar gudunsa ko sanda nawa ne a ciki. Yawancin laftof ɗin da ke shigowa na hannu, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, na ma'aikatan ofis ne, ba su da katin hoto na musamman. Sashen da ke zana hoton gem yana cikin furosesar, kuma ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗin kwamfuta yake ɗiba. Gem mai tafiya sumul yana son hoto 60 a daƙiƙa, ma'ana kowane hoto sai an gama shi cikin ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. Idan bayanai ba su iso a kan lokaci ba, furosesa sai ta zauna jira, komai ƙarfinta.

Mutanen gungu sun fi kowa sanin wannan. Buhuna ɗari a bakin ruwa, kwale-kwale ɗaya ke jigila, masu sauke kaya a ɗaya gaɓar suna zaune suna hira. A ƙara kwale-kwale na biyu, aikin ya ninka ba tare da an ƙara ko mutum ɗaya ba. Sandar DDR4-2400 guda tana iya kai gigabayit 19.2 a daƙiƙa. Sanda biyu a gurabe biyu suna kai 38.4. Katin hoto na GTX 1650, wanda ba wani babba ba ne, ma'ajiyarsa tana yin 128 ko fiye, sai a ga irin yunwar da hoton cikin furosesa yake ciki. Shi ya sa a irin waɗannan laftof, sanda biyu masu giga 4 kowanne sukan fi sanda ɗaya mai giga 8 jan gem, 8 da 8 kuma ya fi duka. Babu gyaran da ya kai wannan araha a harkar.

Akwai tarko biyu a nan. Wasu laftof an narke RAM ɗinsu a jikin allo, ko gurbi ɗaya kawai suke da shi, sai a duba kafin a biya. Task Manager, a sashen Memory, yana nuna gudu da adadin guraben da aka cika. Na biyu, furosesar da iyakarta 2400 ba za ta yi gudun 3200 ba ko an saka mata sanda mai 3200, kuma in an haɗa mai sauri da mai nawa, dukansu gudun mai nawan za su yi.

Gaskiya ne wanda ke da katin hoto na musamman ba zai ga bambanci mai yawa haka ba, a wurinsa katin ne ke da babbar magana. Haka nan tsinkewar da ake gani a gem na intanet a ƙauyukan Shanga ko Ngaski sau da yawa laifin sabis ne, babu furosesar da za ta magance shi.

Sai zafi, wanda masu gwajin kwamfuta a YouTube ba sa lissafawa domin a ɗaki mai sanyi suke gwaji. A Yauri, Maris da Afrilu zafi yana taɓa digiri 40. Furosesar Intel idan ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Gem ya fara lafiya, bayan minti goma sha biyar ya fara sheƙa, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga laftof a kan katifa. Wanke fanka da sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta yana dawo da gudun da mutum ya riga ya biya kuɗinsa. Wuta ma haka. Madatsar Kainji tana aiki tun 1968, ruwanta har ƙofar Yelwa, amma ɗan gem a nan da sola da janareta yake lissafi. Laftof a kan batir tana rage ƙarfinta, babbar kwamfuta mai ƙaton katin hoto kuma tana iya cin wat ɗari uku ko fiye. Ga mai son haɗa ta tebur, Ryzen 5 5600G mai wat 65 da sandunan RAM biyu masu 3200 ta fi dacewa da ƙaramar sola.

A waya ma wasan ɗaya ne, sai dai an sauya masa riga. Kwali zai ce 8GB+8GB, alhali giga 8 na biyun aro ne daga ma'ajiyar waya. Ma'ajiyar eMMC 5.1 iyakarta megabayit 400 a daƙiƙa, RAM na gaske kuwa yana wuce gigabayit goma, don haka aron yana taimaka wa manhajoji su zauna a buɗe ne kawai, ba ya ƙara wa Free Fire ko PUBG hoto ko ɗaya. Sunan furosesa ya kamata a nema a kwalin. Helio G85 da Helio G99 suna kama a ido, amma G99 an ƙera ta da fasahar nanomita 6, G85 kuwa 12, saboda haka G99 ta fi sauri kuma ba ta saurin ɗaukar zafi.

Waya ce ko laftof, kafin a ƙirga kuɗi a nemi cikakkiyar lambar furosesa, a saka gem ɗin da ake son bugawa, a buga shi minti ashirin a nan cikin shagon, da rana tsaka, sannan a taɓa bayanta a ji.